Tambaya da Amsa: Gudawa da kumburin ƙaramin hanji, wanne ke jawo wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara ɗaya da wata huɗu ya kwana biyar yana gudawa, ruwa zalla, babu jini. Kakarsa ta ce haƙori ne, mai kemis ya ba mu Flagyl, a asibiti kuma aka ce ƙaramin hanjinsa ne ya kumbura. Kumburin ne ya kawo gudawar, ko gudawar ce ta kumbura hanjin? Kuma me ya sa abin ke ƙaruwa in na ba shi madarar gwangwani?
Daga wata uwa a Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kumburin ne a gaba, gudawa tana biye da shi. Kuma ba irin kumburin balan-balan ake nufi ba. Fatar cikin hanjin ce ta yi ja ta ɗaye, kamar yadda dasashi ke yi in ya yi ciwo.

A jikin babban mutum tsawon ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, cikinsa kuma shimfiɗe yake da 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abinci da ruwa. Kullum lita 8 zuwa 9 ke bi ta wurin, in an haɗa abin sha da yawu da ruwan da ciki ke fitarwa don narka abinci. Ƙaramin hanji ke shanye mafi yawansa, babban hanji ya ƙarasa, abin da ke fita a bayan gida bai fi cikin ƙaramin kofi ba. To idan ƙwayar cuta ta shiga, a yara ƙanana galibi ta rota ce, sai ta cinye kawunan tsiran nan. Tsotsa ta ragu, ruwa ya yi wa babban hanji yawa, ya zubo. Shi ya sa gudawar ƙaramin hanji take zuwa da yawa, ruwa-ruwa, da murɗa wajen cibiya. Mai fitowa kaɗan-kaɗan da jini da majina da yawan nishi, wannan atini ne, ciwon yana babban hanji.

Maganar madara kin lura da kyau. Sinadarin da ke narka sukarin madara a kan waɗannan tsirai yake zaune, in sun lalace ya tafi tare da su. Sukarin sai ya wuce bai narke ba, ya janyo ruwa, ya yi tsami, ciki ya cika da iska, ɗuwawun yaro ya yi ja. Ki rage madarar gwangwani na 'yan kwanaki, ko ki dama kaɗan a koko. Nonon uwa kuwa kada ki tsayar ko na yini ɗaya. Ki ci gaba da ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, shinkafa mai laushi, dankali, ayaba, kifi, domin da abinci fatar hanji ke sake tohowa. Lemon kwalba da na kwali ƙara gudawa suke yi.

A gaya wa Kaka cikin ladabi cewa haƙori ba ya kawo gudawa. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro ke kai komai baki.

Abin da ke kashe yara a nan ƙarewar ruwan jiki ne, Flagyl kuwa ba ya taɓa ƙwayar rota. Ki sayi ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, ki duba jikin ledar, mai lita ɗaya ki juye ta duka a fiya wata leda biyu masu lambar NAFDAC. In babu, ki sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a ruwa lita ɗaya, a shafe ba a tula ba, don gishiri in ya yi yawa haɗari ne. Bayan kowane zawo ki ba shi mililita 50 zuwa 100 da cokali. In ya yi amai ki jira minti 10, ki ci gaba a hankali. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar. Ki haɗa da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Jariri ƙasa da wata 6 miligiram 10 ne. Maganin tsayar da zawo irin na manya kada ya shiga bakinsa.

Ki koma asibiti nan take in idonsa ya faɗa, maɗiga ta lotsa, yana kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, ya kasa sha, ko kin ga jini. Haka in zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, alamar kwalara ke nan, wadda ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, tana iya ƙarar da babban mutum cikin awoyi. In gudawar ta kai kwana 14 kuma a yi gwajin bayan gida.

Da damina, in kwatoci suka cika suka malala, a tafasa ruwan rijiya da na 'yan garuwa kafin yaro ya sha. In Allah ya kawo ƙani, tun 2022 rigakafin rota yana cikin jerin na jarirai a Najeriya, ɗigo ne a baki, a mako na 6, na 10 da na 14.