Jinin mai ƙuna yakan yi ƙarya a ranar farko

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni: yaya aka yi mutumin gado na uku, wanda fetur ya cinye wa kashi 40 cikin ɗari na jiki, awon jininsa ya nuna PCV 56 (wato jajayen ƙwayoyi sun kai kashi 56 cikin ɗari na jinin), suga kuma ya hau, alhali matarsa ta ce bai taɓa ciwon suga ba? Lokacin wankin ƙuna ya yi, ban samu na amsa maka ba. Jawo kujera, ɗana.

Wannan 56 ɗin ba yawan jini ba ne, kauri ne. Ka san kunu idan ya daɗe a wuta, ruwan ya tafi ya bar gari. Idan ƙuna ta wuce kashi 20 cikin ɗari na jiki, ƙananan jijiyoyin jini a duk jiki sukan zama kamar rariya. Ruwan jinin da furotin ɗinsa su tsiyaye cikin nama, ƙwayoyin jini su rage a cunkushe. Shi ya sa ka ga fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, amma cikin jijiya fari ake yi. Ina sabon shiga na taɓa ganin irin wannan lamba na ce alhamdu lillahi, jini ya ishe shi. Kafin asuba fitsari ya ɗauke. Har yau ban manta kallon da babbar ma'aikaciyar ɗakin ta yi mini ba.

Maganin ruwa ne, ba ƙarin jini ba. Lissafin Parkland, wanda likita Charles Baxter ya fitar a Dalas ta Amurka, shi muke farawa da shi: mililita 4 sau nauyin mutum a kilo sau yawan kashi cikin ɗari na jikin da ya ƙone. Mutuminmu kilo 60 ne, ka ga mililita 9,600 ke nan na ruwan Ringa da muke ɗaurawa ta jijiya, leda 19 da ɗoriya masu rabin lita. Rabi a awa 8 na farko, saura a awa 16. Amma agogon yana farawa ne daga lokacin da wutar ta kama shi, ba lokacin da aka shigo da shi ba. Wanda aka ɗauko daga ƙauye a bayan a-kori-kura ya ci awa 4 a hanya, bashi yake bin ka. Lissafin ma mafari ne kawai. Alƙalin shi ne robar fitsari: mililita 30 a awa ga mai irin nauyinsa. Ya gaza, ka ƙara gudu. Ya zarce sosai, ka rage, don ruwan ma idan ya yi yawa huhu yake cikawa. Ka sa ido kan sinadarin fotasiyam, domin naman da ya mutu yana zubo shi cikin jini.

Bayan kwana uku zuwa biyar ruwan zai koma jijiya, sai ka ga 56 ta faɗo ƙasa warwas. Wuta ta fasa wasu ƙwayoyin, ɓargo ya yi sanyi, kowane wanki da tiyata kuma da abin da suke ɗiba. A nan ake maganar ƙarin jini.

Shi kuwa suga, aikin firgici ne. Jiki ya ɗauka yaƙi ake yi, sai ya yi ta kwararo sinadaran firgici, adirenalin da kotisol. Hanta ta dinga fitar da suga, insulin ya daina jin magana, zuciya na dukan 120 a minti mutum yana kwance, nama yana narkewa kamar man shanu a rana. Abin yakan ɗauki shekara ko fiye, ko bayan fata ta rufe. Shi ya sa nake faɗa da duk wanda ya kunna fanka a ɗakin nan ko ya bar taga a buɗe da hunturu. Mu mu sha gumi, shi ya ji ɗumi, don duk sanyin da ya ji da namansa zai biya. Ciyarwa kuma tun ranar farko, ko ta robar hanci: ƙwai, madara, kunun gyaɗa, waken suya. Idan suga ya ƙi sauka a ba da insulin, ana awo a kai a kai. A 2001 David Herndon ya nuna a Galbeston ta Amurka cewa propranolol, maganin da ke rage gudun zuciya, yana rage wa yara masu babbar ƙuna narkewar nama, amma wannan hukuncin likita ne, kuma sai jijiya ta cika. Abin da ya fi kwantar da tarzomar shi ne a yanke mataccen naman da wuri a dasa fata.

Tashi ka duba ledar fitsarinsa. Ƙarfe 10 ta yi, kuma ban ga ka rubuta na ƙarfe 9 ba.