Rajistar sunan sabon furen wardi

Malam, ka ce ka haɗa wardi iri biyu, ka samu fure mai sabon launi, kana son a rubuta sunansa a hukumance. Rajistar wardi ta duniya tana hannun ƙungiyar masu wardi, American Rose Society, a Amurka. Kada ka yi gaggawa: dasa rassansa tukuna, ka ga ko launin zai tsaya. Ajiye hotuna da sunayen iyayen biyu. Tun 1959 ba a karɓar sunan Latin, kuma duba kundin ƙungiyar, kada wani ya riga ka sunan. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne, rajista ba ta hana kowa sayar da furenka. In kana Najeriya, wannan sai dokar kare sabbin irin tsirrai ta 2021. Nemi hukumar iri ta ƙasa, NASC, ko lauya.