Kamfani na da ikon rufe bakin shugaban ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ce ta sarƙe mana a fada, nan unguwar Zariya cikin Maradi, har shayi ya huce. Wani ya ce da Twitter da Facebook suka rufe shafin Donald Trump sun tauye masa ƴancin faɗar albarkacin baki, kuma in an yi wa shugaban Amurka haka, ina ga talaka. Wani ya ce shafi gidan kamfani ne, wanda ya ga dama yake bari ya shiga. Ni kaina an taɓa hana ni rubutu a Facebook kwana bakwai ban san laifina ba. Wa ke da gaskiya, kuma ina iyakar wannan ƴancin take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ta fuskar doka na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma na farkon ma ba shirme ya faɗa ba.

Ƴancin magana da ke rubuce cikin dokoki garkuwa ce tsakanin mutum da hukuma. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 majalisa ya ɗaure wa hannu, bai ce komai a kan ɗan kasuwa ba. Akwai kuma sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ba kamfanonin intanet damar goge abin da suka ga bai dace ba ba tare da an kama su da laifi ba. Shi ya sa da Trump ya kai Twitter ƙara, alƙali a San Faransisko ya yi watsi da ita a watan Mayun 2022. Gaskiya ne Meta, uwar gijiyar Facebook, ta yarda ta biya dalar Amurka miliyan 25 a Janairun 2025 don a kashe irin wannan ƙara, amma sulhu aka yi, ba alƙali ne ya ce ta yi laifi ba. Sai dai ku lura da lokacin: kwanaki kaɗan ne bayan mutumin ya koma kan mulki.

Misalin gida da abokinku ya kawo yana da gurgunta wuri guda. Mai zaure na iya korar wanda ya dame shi, wanda aka kora ya matsa zauren gaba. To, in zauren ya girma har ya zama nan ake ciniki, nan ake shela, nan ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, kora daga cikinsa ta wuce harkar mai gida da baƙonsa. Ranar 8 ga Janairun 2021 da Twitter ya rufe shafin Trump, mabiyansa sun haura miliyan 88. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, wadda kowa ya san jininsu bai haɗu da Trump ba, ta sa kakakinta ya ce matakin na da matsala, domin ƴan majalisa ne ya kamata su shata iyakar magana, ba shugabannin kamfani ba.

Abin da ya biyo baya a Facebook shi ne ya fi cancanta a zauna a kansa. Ranar 6 ga Janairu magoya bayan Trump suka afka wa ginin majalisar dokoki a Washintan, shi kuma ya wallafa saƙonni yana cewa su koma gida amma yana yabon su. Washegari kamfanin ya dakatar da shi ba tare da sa wa'adi ba, sannan ya miƙa maganar ga kwamitin sa ido da shi kansa ya kafa. Ranar 5 ga Mayu kwamitin ya ce dakatarwar ta yi daidai, tunda ana tsakiyar tarzoma kuma rayuka na cikin haɗari, amma hukuncin «sai abin da hali ya yi» babu shi cikin ƙa'idojin kamfanin, ƙirƙirar sa aka yi nan take. Sai Facebook ya mayar da shi shekara 2, ya kuma rubuta ƙa'ida: fitaccen mutum da ya rura wutar rikici ana iya dakatar da shi daga wata 1 zuwa shekara 2. A Fabrairun 2023 aka buɗe masa shafinsa. Twitter kuwa ba ta wannan hanya ya bi ba. Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoban 2022, ya yi ƙuri'ar jin ra'ayi a shafinsa, wajen kashi 52 cikin ɗari suka ce a mayar, ya mayar. Shugabannin kamfani suka rufe, sabon mai kamfani shi kaɗai ya buɗe, kuma a ganinmu nan ne ainihin aibin yake.

Batun iyaka kuma ba sabon abu ba ne, akwai ma'auni. Yarjejeniyar duniya ta 1966 kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta ce a sashe na 19 ana iya taƙaita magana in sharaɗi uku sun cika: ya zama akwai doka rubutacciya da mutum zai iya sani tun kafin ya buɗe baki, ya zama don kare mutuncin wasu ne ko tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko tarbiyya, kuma ya zama dole ne, ba a ɗauki gatari ba inda aska za ta wadatar. Sashe na 20 ya ƙara da cewa wajibi ne a hana kiran ƙiyayya ta ƙabila ko addini da ke tunzura mutane ga tashin hankali. Don kada kowa ya fassara wannan yadda ya so, masana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ma'auni shida a birnin Rabat a 2012: halin da gari ke ciki, matsayin mai magana, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, yawan waɗanda maganar ta kai gare su, da kuma yiwuwar ta haifar da ɓarna.

Ku gwada shi da kalma guda: «za mu yi maganinsu». In mai goyon bayan ƴan kokawar Maradi ya faɗe ta ana saura kwana biyu a fara gasar takobi, cika baki ne. In uwar gida ta faɗe ta, wataƙila sauro take nufi. In mai riƙe da madafun iko ya faɗe ta a kan wata ƙabila, daren da aka ƙone rumfunan kasuwa, ga dubban matasa riƙe da waya suna jiran abin da zai ce, ta zama wani abu dabam, alhali ko wasali ɗaya bai canza ba. Saboda haka matsayin shugaba kaifi biyu gare shi. Jama'a na da haƙƙin jin abin da mai mulkinsu ya ce, ko mummuna ne, don su san wanda ke jan ragamarsu. Amma maganarsa ce kuma ta fi ta kowa saurin zama umarni. Wanda ya san yadda gidan rediyon RTLM ya ingiza mutane ga kisan kiyashi a Ruwanda a 1994 ba zai ce magana iska ce ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙetaren Ɗan Isa. Ranar 1 ga Yunin 2021 Muhammadu Buhari ya wallafa gargaɗi ga masu tada ƙayar baya a kudu maso gabashin Najeriya, ya tuno yaƙin basasa, ya ce za a yi musu magana da yaren da suke fahimta. Twitter ya goge saƙon, ya rufe shafin na awa 12. Gwamnati ta mayar da martani da toshe Twitter gaba ɗaya daga 5 ga Yuni har 13 ga Janairun 2022, kwana 222. Ana iya gardama a kan ko saƙon ya kai a goge shi. Abin da ba gardama a kansa shi ne girman ramuwar: an hana mutum ɗaya magana rabin yini, shi kuma ya hana miliyoyi fiye da wata bakwai, har da masu tallar haja da ba ruwansu da siyasa. A Yulin 2022 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke cewa toshewar ta saɓa wa doka. Yuganda ta yi irin haka a Janairun 2021 bayan Facebook ya goge wasu shafukan da ke da alaƙa da gwamnati gab da zaɓe. Mu ma nan an ɗauke intanet ɗin waya kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021. Wannan shi ne tauye ƴanci a ma'anarsa ta doka, tunda hukuma ce ta yi. Kuma tun da Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, wancan hukunci sai dai a kafa hujja da shi a baki.

Kamfanonin ma ba su wanku ba, don mudunsu ba ɗaya ba ne. Babban hafsan sojan Myanmar a lokacin, Min Aung Hlaing, sai a Agustan 2018 Facebook ya kore shi, shekara guda bayan dubban ɗaruruwan ƴan Rohingya sun tsere zuwa Bangaladash. Firaministan Habasha Abiy Ahmed ya yi kiran a binne ƴan tawayen Tigray a Nuwamban 2021, saƙon kawai aka goge, shafin ya zauna. Hun Sen, firaministan Kambodiya a lokacin, ya yi wa ƴan adawa barazanar duka, kwamitin sa ido ya ba da shawarar a dakatar da shi wata 6 a 2023, Meta ta ƙi. Tarayyar Turai ce ta ɗan yi wa abin linzami da dokar da ta amince da ita a 2022: dole kamfani ya faɗi dalilin gogewa, ya buɗe hanyar ƙorafi, in ya ƙi a ci shi tara har kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. Wannan kariya ta mazauna Turai ce, ba ta iso Maradi ba.

Sai batun kwana bakwai ɗinka. A tsarin da Meta ta sanar a farkon 2023, laifin farko gargaɗi ne. Daga na biyu zuwa na shida ana hana mutum wasu abubuwa ne kawai, kamar rubutu cikin guruf. Na bakwai hanin kwana 1, na takwas kwana 3, na tara kwana 7, daga na goma kwana 30, kuma kowane laifi yana goguwa bayan shekara guda. Ke nan ko dai laifuffuka sun taru maka ba ka lura ba, ko kuma abu guda aka ɗauka babba, irin hoton gawa da jini ko abin da ya yi kama da yabon ƙungiyar ƴan ta'adda, don waɗannan ba sa bin layi. Sau da yawa na'ura ce ke fara yanke hukunci, ita kuwa Hausarta ba ta nuna ba. Ba ta san wasan Bafillace da Babarbare ba. In ɗaya ya rubuta wa ɗaya «bawana ne kai», ita cin zarafi ta gani. Haka wanda ya sa bidiyon harin ƴan bindiga don ya yi Allah wadai, in bai rubuta hakan a fili ba, tana iya lissafa shi cikin masu yabo.

In ta sake faruwa, ka fara ɗaukar hoton sanarwar da ta fito maka a fuskar waya, sannan ka shiga wurin da ke nuna matsayin shafinka ka ga wane rubutu ne da wace ƙa'ida. Ka danna inda ake cewa ba ka yarda da hukuncin ba, nan take, kada ka bari ya kwana biyu. In sun sake dubawa suka tsaya kan bakansu, wani lokaci suna ba da lambar da ake kai ƙara gaban kwamitin sa ido da ita, cikin kwana 15. Kada ka sa rai da yawa, ƙararraki ƙalilan kwamitin ke ɗauka. Inda mutane ke ƙara jefa kansu cikin rami shi ne buɗe sabon shafi don kauce wa hukunci, wanda shi kansa laifi ne da ke sa a rufe duka biyun, da kuma miƙa kalmar sirri ga wani da ya ce zai buɗe shafin in an biya shi, ko ga saƙon da ya zo da tambarin Meta yana neman a danna wani wuri. Ta nan ake sace shafuka.

Amma ɗan'uwa, ga mazaunin Nijar ba Facebook ne babban abin lura ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 tana nan. A 2022 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi, sai dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2024 ta mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a kuwa shekara 2 zuwa 5 ne da tarar miliyan 2 zuwa 5, ko da labarin gaskiya ne. Kalmar da doka ta kama ita ce yaɗawa, don haka «turo mini aka yi» ba ta fitar da mutum. Kuma kada sirrin WhatsApp ya ruɗe ku. Gaskiya ne kamfanin ba ya karanta saƙonninku, sai in wani ya kai ƙorafi, a nan ne saƙonni biyar na ƙarshe ke isa gare shi. Amma guruf na ɗaukar mutum har 1024, kuma kowane ɗayansu na iya ɗaukar hoton abin da ka rubuta, da lambar wayarka a samansa, ya kai inda ya ga dama.