Renon Iri a Gwangwani da Ledar Fiya Wata: Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwargida daga Zariya ta ce ta shuka tumatir a gwangwanayen madara, ya tsiro gwanin sha'awa, amma bayan 'yan kwanaki sai tsirran suka fara kwantawa ɗaya bayan ɗaya, gindinsu ya sirance kamar zare.

Hajiya, ina kyautata zaton ba ki huda gindin gwangwanayen ba, ko kuma ruwa ya yi yawa. Idan ruwa ya kwanta a ƙasa, wata cuta da ke zaune a cikin ƙasar takan samu ƙarfi ta ruɓar da tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa. Wanda ya riga ya faɗi ba ya tashi, ki tuge shi ki yar. Ki sami ƙusa ki yi huji huɗu ko biyar a gindin kowane gwangwani, ki ɗora su a kan tsakuwa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kafin ki ba da ruwa ki tsoma yatsa: in kin ji danshi, ki bari sai gobe. Kuma da safe ake bayarwa, a hankali. Robar ruwa da aka huda murfinta da allura ta fi buta, domin ba ta tone iri.

Ƙasar ma abin dubawa ce. Ki haɗa ƙasa mai laushi da yashi da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, kowanne awo ɗaya, ki tankaɗe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. In da hali, ki jiƙa haɗin ki gasa shi a tsohon kasko har ya yi tururi sosai, ki bar shi ya huce kafin shuka. Wahala ce ta rabin yini, amma tana rage cutar ƙwarai.

Wani matashi daga Maraɗi yana tambaya wane mazubi ya fi.

Ɗan'uwa, ni na fi son ledar fiya wata. A yanke samanta, a huda ƙasanta, ranar dashe kuma a tsaga ta da reza, tsiro ya fito da ƙasarsa ba a taɓa saiwa ba. Robar lemo da aka yanke biyu ma tana yi, haka tsohuwar ƙwarya ko bokitin da ya fashe. Gwangwani yana ɗaukar zafi, sai a kare shi daga ranar tsaka. Kwalin ƙwai ba shi da zurfi kuma yana saurin bushewa, latas kaɗai zan sa a ciki. Abin da nake roƙonka shi ne ka nisanci robar maganin feshi da ta baƙin mai, ko an wanke su. Abinci za ka shuka, iyalinka ne za su ci.

Ka tanadi tsohon gidan sauro ka rufa a kai, in ba haka ba kaji da ƙadangaru za su riga ka.

Wani manomi kuma ya ce ya shuka attarugu a hunturu, kwana 12 shiru.

Malam, kada ka zubar tukuna. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10, amma tattasai da attarugu suna iya kai mako uku, balle da sanyi. Ka shigar da su ɗaki da dare, ka fito da su hantsi. Sai dai in ka binne irin da zurfi, to ba lallai ya fito ba. Santimita ɗaya ya isa, wato ƙasa da gaɓar yatsa.

Mutane da dama sun tambayi lokacin dashe. Tumatir yana isa a mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganye huɗu ko biyar. Tattasai sai mako biyar zuwa shida. Mako guda kafin nan a rage ruwa, a riƙa ƙara masa zaman rana kaɗan-kaɗan don ya yi ƙwari. A dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take. Karas kuwa kada a wahalar da kai da renonsa, ba ya son dashe, saiwarsa karkacewa take yi. Shi da kuɓewa a shuka su kai tsaye a inda za su zauna.