Na tara kuɗin fili ban tara na takarda ba: wa zai biya harajin kan sarki?

Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makaranta ne a Kano. Shekara shida ina tari, da adashi da ɗan abin da noma ya kawo, har Allah ya sa na samu fili a wani awon gwamnati a bayan gari. An yi ciniki a kan naira miliyan 15, na ba da kafin alƙalami miliyan 3, aka ce in cika sauran ƙarshen watan gobe. Filin yana da satifiket, sai dai sunan da ke kai ba na mai sayar mini ba ne, na wanda ya sayar masa ne shekara tara da suka wuce. Dillali ya ce ba komai, haka kowa yake yi, a rubuta takarda gaban mai unguwa a miƙa mini satifiket in adana. Wani abokin aikina kuma ya ce akwai harajin kan sarki da kuɗin sa hannun gwamna da wasu kuɗaɗen, in ban biya ba filin bai zama nawa ba. Abin da ke hannuna miliyan 12 ne cif, sai ɗan abin da na ware na bulo. Shin waɗannan kuɗaɗe dole ne? Ni zan biya ko shi? Zan iya bari sai na gama gini?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya albarka, ya nuna mana ranar tarewa. Abokin aikinka ya fi dillalin kusa da gaskiya. Amma ka yi dabara da ka tambaya tun miliyan 12 ɗin nan tana hannunka, domin duk abin da zan faɗa maka a ƙasa da ita za ka sa a yi shi. Ranar da ka tura ta, mai filin ya gama da kai, kai ne za ka koma bin sa da waya.

Bari mu fara da abin da kake saye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, tun 1910 Turawa suka sa ƙasa ƙarƙashin gwamna, dokar 1962 ta ci gaba a kan haka. Abin da mai satifiket yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99 in filin gida ne. Sashe na 22 ya ce ba zai miƙa wannan haƙƙi ga wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce miƙawar da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba rusasshiya ce. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo: mutum ya jinginar da kadararsa ya karɓi bashi ba tare da amincewar gwamna ba, da banki ya tashi sayarwa sai ya ce jinginar ba ta inganta ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya. In banki da tarin lauyoyinsa ya faɗa wannan rami, ina ga malamin makaranta?

Takardar mai unguwa ba ta banza ba ce, kada wani ya raina maka ita. Shi ya san filin da ake rigima a kansa, ya san wanda aka sayar sau biyu, kuma shaidarsa tana da nauyi ranar da aka tsaya gaban alƙali. Amma hatiminsa ba ya sauya sunan da ke cikin fayil a ma'aikatar ƙasa. A wurin gwamnati, wanda sunansa ke fayil shi ne mai fili.

A nan matsalarka take, kuma ta fi harajin da kake tsoro girma. Wanda zai sayar maka bai taɓa kai nasa cinikin ofis ba. Shekara tara kenan gwamnati tana kallon mutumin farko a matsayin mai fili, kuma shi ne zai sa hannu a takardar neman amincewar gwamna. Tambayar da za ka yi wa dillali gobe da safe ita ce, mutumin nan yana raye, kuma a ina yake? In yana raye ana iya samun sa, hanya mafi sauƙi ita ce lauya ya rubuta takardar miƙa haƙƙi da ku uku za ku sa wa hannu: mai sunan ya miƙa maka kai tsaye, na tsakiya ya tabbatar cewa ya karɓi kuɗinsa ba shi da sauran da'awa. Ka shirya zai nemi ɗan goro, kuma wannan goro daga aljihun mai sayar maka ya kamata ya fito, shi ya bar aikin a baya. Hanya ta biyu ita ce mai sayarwa ya fara mayar da filin sunansa sannan ya miƙa maka, amma za a biya komai sau biyu, za a ɗauki watanni, kuma ba kasafai suke yarda ba.

In kuwa mutumin ya rasu, magana ta koma wurin magada. Sai an ga takardar kotun da ta raba gadon ko ta naɗa wakilin magada, kuma sai sun yarda cewa mahaifinsu ya sayar. Na sha ganin 'ya'yan da suka yarda cikin mutunci saboda sun san da cinikin, na kuma ga waɗanda suka ga farashin yau suka manta da na jiya. In abin ya kai haka, ko a rage maka kuɗi sosai daidai da haɗarin, ko ka nemi miliyan ukunka ka ƙara gaba. Wanda ba zai iya ba ka mallakar da ya sayar maka ba, ba shi da hujjar riƙe maka kafin alƙalami.

Za a iya kawo maka wata dabara, a ce a rubuta takardar wakilci wadda ba a warwarewa a yi mata rajista, ta fi araha. Ana yin hakan sosai, musamman a Abuja. Ka sani dai wakilci izini ne na yin abu a madadin mai abu, shi kaɗai ba ya mayar da fili naka. Ka karɓe ta a matsayin ƙari, kada ta maye gurbin takardar miƙa haƙƙi.

Yanzu ga harajin kan sarki. Haraji ne da ake ɗora wa takardar cinikin ita kanta, ana lissafa shi gwargwadon darajar filin, kuma mai saye ne yake biya. Tsohuwar dokarsa an shigar da ita cikin sabuwar dokar haraji ta 2025 wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, jadawalin kuma ya sa kashi 1.5 cikin ɗari a kan sayar da kadara. A miliyan 15 naira 225,000 kenan. Tunda ku duka ɗaiɗaikun mutane ne, hukumar tattara haraji ta jihar Kano za ka biya. Da a ce kamfani ne a ɗaya ɓangaren, da hukumar tarayya ce, wadda aka sani da FIRS kafin a sauya mata suna zuwa NRS. Kada ka riƙe 225,000 a matsayin yankan ƙarshe, domin gwamnati ba ta dogara da farashin da kuka rubuta, masu ƙiyasinta suna duba wurin su sa nasu, kuma a kan wannan ƙiyasi za a ba ka takardar biya.

Wannan ma ya isa ya kashe shawarar da na san za a ba ka, cewa a rubuta miliyan 6 a takarda don haraji ya yi sauƙi. Laifi ne a doka, ba lallai ya rage maka komai ba tunda za su yi nasu ƙiyasin, kuma ranar da ciniki ya warware ka je neman kuɗinka, takardar da ka sa wa hannu da kanka za ta ce miliyan 6 ka biya. Saboda ɗan tsimin haraji ka sa miliyan 9 a bakin kura.

Wa'adin buga hatimin kwana 30 ne daga ranar da aka ƙulla takardar, bayan nan akwai tara. Amincewar gwamna kuwa ba ta cika fitowa cikin kwana 30 ba. Shi ya sa lauyoyi suke barin gurbin kwanan wata a buɗe a takardar miƙa haƙƙi har sai amincewar ta fito, sannan a cike, a biya haraji, a kai rajista. Jerin kenan, amincewa, hatimi, rajista. Kada wannan ya sa ka ji tsoron sa hannu tun da wuri, Kotun Ƙoli ta bayyana a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, cewa ƙulla yarjejeniya kafin amincewar gwamna ba laifi ba ne, cinikin ne dai bai kammala ba sai ta fito. Takardar da ba a buga wa hatimi ba, ofishin rajista ba zai karɓa ba, kotu ma ba za ta karɓe ta a matsayin shaida ba sai an koma an biya har da tara.

Sauran kuɗaɗen gwamnati su ne na amincewar gwamna da na rajista, kowace jiha da nata ƙa'idar, kuma ana sauya ta lokaci zuwa lokaci. Ka sa lauyanka ya karɓo maka lissafin a rubuce daga ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, kafin ka cika kuɗi, kada ka dogara da na wani da ya saya shekara uku baya. A wannan zuwan ne za a yi binciken fayil, wanda kuɗinsa kaɗan ne amma shi ne zai nuna ko filin yana jingine a banki, ko an soke shi, ko akwai ƙara a kansa. Zai kuma nuna bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ina kyautata zaton shekara taran nan ba wanda ya biya, kuma ba za a taɓa fayil ɗin ba sai an biya. Wannan bashi na mai sayarwa ne. Haka ma harajin ribar da ya ci a kan filin, doka a kansa ta ɗora, sai dai a aikace an saba jibga wa mai saye saboda shi ne mai gaggawa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a cire su daga sauran kuɗin. Za a kuma nemi takardar shaidar biyan harajinka ta shekara uku. Kai da ake cire maka daga albashi wannan ba wuya, ka dai fara nemanta yanzu.

Sai safiyo, wanda zai je da taswirar da ke jikin satifiket ya tabbatar da cewa filin da aka nuna maka da yatsa shi ne wanda ke takarda. Kada ka tsallake wannan ko da dillali ya rantse, mutane sun gina gida sukutum a filin maƙwabci.

La'adar dillali ba doka ce ta yanka ta ba, al'ada ce. In an ce kashi 5 cikin ɗari, naira 750,000 kenan, fiye da ninki uku na harajin da kake gudu, kuma ban taɓa jin mai saye ya ce a bar la'ada sai ya gama gini ba. A yi cinikinta tun yanzu, a kuma san dillalai nawa ne a layin. Namu kuɗin ma ba zan ɓoye ba: ƙa'idar ladan lauyoyi ta 2023 ta sa kashi 10 cikin ɗari ga lauyan mai saye in kadarar ba ta kai miliyan 50 ba, wato miliyan ɗaya da rabi a naka. Na san ka yi tsaki. Ku zauna da shi tun farko ya faɗa maka abin da kuɗin ya ƙunsa, bincike da rubutu kaɗai ne ko har bin fayil zuwa rajista, ku kuma tsara biya kashi-kashi. Kuma ya zama lauyanka ne, ba wanda dillali ya kawo ba.

To, za ka iya bari sai ka gama gini? Ba wanda zai zo ya kama ka. Wanda ya biya kuɗi cikakke, yana da rasit, ya kuma shiga fili, kotu tana kare shi daga mai sayarwa da duk wanda ya saya alhali ya san da shi. Dubban gidaje a Kano a haka suke zaune. Amma ba za ka iya kai wa banki takardar ba, neman izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, zai zo maka da tambayar suna, in gwamnati ta karɓi wurin don hanya mai sunan fayil za a fara nema wajen diyya, kuma in wani ya riga ka rajista a kan filin nan ba tare da ya san da kai ba, shi ke gaba. Ga ƙiyasin da ake lissafa kuɗin a kai, kullum sama yake yi. Ni dai da ni ne, da kuɗin bulon nan zan fara taɓawa in gyara takarda, in zagaye filin da ɗan harsashi don a san da mai shi, ginin ya jira damina ta wuce.

In kuɗin ba zai kai duka ba, abin da ba ya jira shi ne sa hannun mai sunan. Ka riƙe aƙalla miliyan biyu ko uku cikin sauran kuɗin, a rubuta cewa ba za a sake su ba sai ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙi da ta neman amincewa, ya ba da hotonsa da kwafin katin shaidarsa, an kuma miƙa maka satifiket na asali tare da takardar cinikin shekara taran nan. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ba na dillali ba, ka rubuta lambar fulotin a bayanin turawar. In ƙarshen watan gobe ya yi kaɗan a nemo mutumin, ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce tun makon nan, da shaidu biyu.