Cima ce ko Shima? Amsa ga Hajiya a kan sunan yarinyar labarin

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce a labarin da ake turowa kashi-kashi an rubuta sunan yarinyar da C-H-I-M-A, mai karantawa ɗaya na cewa Shima, ɗayar na cewa Cima, kina son sanin wace ce daidai.

To, kowace da inda ta samo nata. Mu nan Damagaram da muka yi lakwal da Faransanci, c da h in sun haɗu "sh" muke gani, shi ya sa ake rubuta Chaibou ana nufin Shu'aibu. In muna son sautin "c" na cikin "ciki" sai mu sa t a gaba, Tchima. Wanda ya yi boko a Kano ko Katsina da Turancin Ingilishi kuwa, ch ɗin nan "c" ce a wurinsa, kamar yadda suke rubuta Chiroma.

Saboda haka kada a tsaya kan sunan kaɗai, a duba hannun marubuciyar. Buɗe kashi ɗaya ki nemi kalmomin Hausa na yau da kullum. In kin ga "chikin gida", "ta che", "abinchi", an gama magana, Cima ce. In kin ga "chi ne", "chiga", ko "tchikin guida", hannun Faransanci ne, sai ki ce Shima. Sauran sunayen ma shaida ne. Usman da Aisha na nuna hannun Najeriya, Ousmane da Aïchatou na nuna namu. In shaidar ta rabu biyu, ni Cima zan zaɓa, don suna ne da Hausawa suka sani ana kiran mata da shi.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya, ba ya nuna tsawon wasali, ga salula na cinye ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ. Sai a rubuta Bako, ba ki sani ba ko Baƙo ake nufi. A nan labarin ne zai faɗa miki: dubi dalilin da aka raɗa masa sunan, ko kirarin da kakarsa ke yi masa. Kuma ki gajarta wasalin ƙarshe, don sunan mutum haka yake fita a bakin Bahaushe. Baƙon da ya sauka gidanki ana jan "o" ɗinsa, Baƙo mai suna ba a ja.

Masu karantawa, don Allah ku tsai da lafazi ɗaya tun kashin farko, ku faɗe shi a fili. Sauyawa a tsakiya ne ke rikita mai sauraro, musamman iyayenmu da ba sa ganin rubutun, sai su ɗauka ƴan mata biyu ne. In marubuciyar na kusa, a roƙe ta ta turo murya ta kira sunan sau biyu a cikin jimla, ba shi kaɗai ba. Marubuta kuma ku sa Hausa a Gboard, wato allon rubutu na salula, haruffa masu ƙugiya na nan, ku rubuta c da sh yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tsara.