Filin Tambayoyin Masu Karatu: Difinbakiya Ta Zubar da Ganye, Mene ne Abin Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar unguwar Hindawiyya ce a Jidda. Surukata ta ba ni shukar nan mai faffaɗan ganye kore da zane-zanen fari, wadda masu mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, suke kira difinbakiya. Da farko ta ƙawata mini falo, amma yanzu ganyen ƙasa suna yin rawaya suna zubewa, ta zama dogon kara da 'yan ganye a samansa, har ta fara karkata. Kullum ina ba ta ruwa saboda zafin garin nan. Shin mutuwa take yi, ko akwai yadda zan ceto ta, in kuma samu wata daga jikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, shukarki ba ta mutu ba, amma ruwan nan na kullum shi ne abu na farko da za ki daina. Asalin difinbakiya dazuzzukan nahiyar Amurka ne masu zafi da damshi, tun daga Meziko har zuwa Ajantina, inda take tsirowa a inuwar manyan bishiyoyi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Schott, shi ya raɗa mata wannan suna a 1829 don karrama Joseph Dieffenbach, shugaban masu kula da lambun sarki a birnin Biyana. Mutane da yawa idan suka ji cewa 'yar daji ce sai su ɗauka tana son jiƙa dare da rana, alhali ƙasar dajin sakwa-sakwa take, ruwa yana ratsa ta ya wuce. A cikin tukunya kuwa ruwan kwanciya yake yi, saiwa ta rasa iska, ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shuka ta zaci ƙishirwa ce ta ƙara ruwa.

Zafin Jidda da kike tsoro a waje yake; shukarki kuwa tana cikin falo mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, inda ƙasa ba ta saurin bushewa. Saboda haka kada ki sa mata ranar ban ruwa. Ki zura yatsanki cikin ƙasar har gaɓa ta farko ko ta biyu. Idan kin ji sanyin damshi ki ƙyale ta, idan kin ji ta bushe sai ki zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar gindin tukunya, sannan ki zubar da wanda ya taru a farantin ƙasa. Tukunyar da ba ta da huda, komai kyanta, ba wurin zaman wannan shuka ba ce. Ki kuma duba inda kika ajiye ta. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 27, kuma iskar mukayyif da ke bugun ganye kai tsaye tana cutar da ita fiye da yadda ake zato. Tana son haske mai yawa amma ba ranar da ke dukan ganye ba, don haka kusa da taga mai labule mara kauri shi ne daidai. Karkatar da ta yi neman haske ne, maganinsa kuma ki riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci.

Ganyen da ya zube ba ya dawowa a inda ya faɗi, domin ɗabi'arta ce ta riƙa tsawo tana barin kara a baya. A nan ne nake ganin kin yi sa'a, domin wannan karan da ya ɓata miki rai shi ne irin sababbin shuke-shuke. Ki sa safar hannu, ki goge wuƙa mai kaifi da sipirit, ki yanke kan shukar da tsawon kamar santimita 15, ƙasa kaɗan da wata gaɓa. Ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu ko uku, ki ajiye shi a inuwa na 'yan sa'o'i har bakin yankan ya tsane, sannan ki tsoma shi a kwalba mai ruwa mai tsabta, kina sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu. Cikin 'yan makonni za ki ga fararen saiwoyi suna ɓullowa daga gaɓar, kuma idan sun kai tsawon ɗan yatsa sai ki dasa shi. Kada ki bari ya daɗe a ruwa, domin saiwar da ta saba da ruwa takan wahala idan ta koma ƙasa.

Sauran karan kuma ki gutsuttsura shi, kowane guntu santimita 5 zuwa 8, da gaɓa ɗaya ko biyu. Idan kin duba da kyau, a saman kowane zoben da tsohon ganye ya bari akwai ɗan ƙullutu, shi ne idon da zai yi toho. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dashen rake ya san aikin: a kwantar da guntun a kan ƙasa mai ɗan damshi, a binne rabinsa, idon yana kallon sama. Ki haɗa bitmos (baƙar ƙasar shuka mai laushi ta ruɓaɓɓun tsirrai) da farlait (fararen ƙananan duwatsu marasa nauyi), waɗanda ake samu a mashtal, ko bitmos da yashi mai tsabta, ki lulluɓe tukunyar da farar leda mai 'yan huda don riƙe damshi, ki ajiye a wuri mai ɗumi nesa da mukayyif. Wannan hanya tana buƙatar haƙuri, don tana iya kai wata ɗaya zuwa biyu kafin toho ya bayyana, kuma ba kowane guntu ne zai yi ba. Wanda ya yi laushi ya fara wari ki cire shi nan take. Kututturen da ya rage a tsohuwar tukunya, muddin saiwarsa fara ce mai ƙarfi, kada ki jefar. Ki bar masa kamar santimita 10, ki rage masa ruwa sosai tun da ba shi da ganyen da zai sha, zai fitar da sabon toho. Idan kuwa kin zare shi kin tarar da saiwa baƙa mai yauƙi, ki datse ruɓaɓɓen ki sake masa sabuwar ƙasa.

Tambaya: Ni magidanci ne a Shara Mansur a Makka. An turo mini saƙo a WhatsApp cewa wannan shuka tana kashe yaro cikin minti ɗaya, ga shi ina da ƙananan yara. In fitar da ita?

Amsa: Malam, saƙon ya yi ƙari mai yawa, amma tsoronka yana da tushe. Difinbakiya dangin gwaza ce, kuma abin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, wato ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet, shi ne a cikin ruwan jikinta, sai dai nata ya fi zafi. Wanda ya tauna ganyen zai ji ƙuna a baki, miyau ya yi ta zuba, harshe da leɓe su kumbura, wani lokaci har magana ta gagara na ɗan lokaci. Mutuwa daga gare ta abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, domin zafin yakan sa yaro ya tofar tun cizon farko. Idan hakan ta faru a share bakin yaron, a kurkure da ruwa, a ba shi madara mai sanyi ko ruwan sanyi, kada a tilasta masa amai, a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya don neman shawara. Idan numfashi ya yi wuya ko kumburi yana ƙaruwa, a kira motar asibiti ta 997 ba tare da jinkiri ba. Idan ruwan ya shiga ido a wanke da ruwa mai gudana na minti 15, a kuma ga likita. Ra'ayina shi ne, gidan da ke da mai rarrafe ko kyanwa, a ɗora shukar inda hannu ba ya kai, a riƙa kwashe ganyen da ya faɗi. Idan babu irin wannan wuri, a kai ta gidan da yara suka girma.

Tambaya: Tawa a Madina take. Bakin ganyen yana ƙonewa, kuma ina ganin siririyar saƙa a bayansa.

Amsa: 'Yar'uwa, busasshiyar iskar Madina ce ta jawo duka biyun. Saƙar ta wasu ƙananan ƙwari ce masu tsotse ruwan ganye, waɗanda suke yaɗuwa idan iska ba ta da damshi. Ki kai shukar banɗaki ki wanke ganyen ciki da baya, sannan ki goge da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan, ki maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, domin ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan wankin farko. Idan kuma kin ga farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin ruwa da na taki ne ya taru, shi ma yana ƙona bakin ganye. Ki kankare shi, ki kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar, ki rage takin zamani zuwa rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata, ki kuma dakatar da shi a lokacin sanyi.